Naman da Zara'u ta Gasa wa Salifu

A Kona, in ka ce kana neman gidan Zara'u, sai a tambaye ka wace daga ciki. In ka ce Zara'u Mai Tsire, ko akuyar unguwa ta kai ka ƙofa. Doguwar mace ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, ba ta iya magana a hankali ba kuma ba ta iya mantuwa ba. Ita ta rene ni, ita nake kira Inna, amma ba ita ta haife ni ba. Ubana Salifu ne, wan mijinta, mutumin da ta fi tsana a duniya. Ni sunana Auta. Abin da zan faɗa, rabi daga bakinta na ji shi, rabi a jikina ya faru.

Manzo ta aura, ƙanen ubana. Su biyun gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke zubawa, ubana ne babba, shi ke riƙe da komai. Sanƙarau ya ɗauke Manzo, ya bar Zara'u da ɗiya ɗaya tilo, Habsatu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ba ta gama share hawaye ba sai ga fari, wancan na shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Hatsi ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba. Mutane suka koma daji suna tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu.

A gidanmu akwai rumbun tsimi, inda ake ajiye hatsin shekarun ƙoshi saboda irin wagga rana, kuma gumin Manzo na ciki. To amma a wurinmu mace ba ta leƙa rumbu. Ko ita ta yi shuka, ko ita ta yi sussuka, an ce in ta leƙa albarka ta gudu. Maigida ke hawa, ya fiddo dami ya miƙo ƙasa. Da Habsatu ta fara kumbura, don cikinta ya ƙi anza, Zara'u ta je ta durƙusa gaban ubana ta ce, "Yaya, a taimaka a buɗe rumbun tsimi, yarinyar nan ko kunu ne ta samu." Ya ɗauko tsani, ya hau, ya ɗaga murfi, ya daɗe yana kallon ciki. Ya sauko ya kakkaɓe hannu ya ce babu komai sai kashin ɓera.

Inna ta sha faɗa mini cewa ba ƙaryar ce ta fi ƙona ta ba. "Ga tsani jingine, Auta, ga ni da ƙafafuna biyu lafiya lau, amma na tsaya kamar jaka ina tsoron albarka ta gudu. Wace albarka?" Habsatu ta rasu kafin kamiyon soji, manyan motocin nan, su iso Tasawa da jar dawar taimako. Ba a ko tashi daga zaman makoki ba, da rana tsaka, sai ga jakuna ƙofar gida, ana fiddo damman hatsi daga rumbun nan da aka ce sai kashin ɓera. Ubana ya ba da hatsin ga makiyayan da suka gangaro daga wajen Issawane, waɗanda yunwa ta sa suke ba da saniya sukutum a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shanu ya saya da cikin ɗiyar ƙanensa. Kai, ubana! Allah dai ya gafarta mashi, don ni bakina ba ya iya faɗin haka da daɗi.

Zara'u ba ta yi kururuwa ba. Ta tsaya har aka ɗaure jaki na ƙarshe, sannan ta kira sunanshi gatsal, abin da matar ƙane ba ta yi.

"Salifu, na gani. Wallahi sai na rama wa Habsatu, ko zan tsufa ina jira."

Ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Ta ɗaure tsummokaranta ta bi ayarin masu gudun yunwa, suka yi kudu.

A Katsina Babbar Sallah ta same su, suna kwance gefen tasha. Mutanen gari, Allah ya saka masu, suka ji tausayi suka yi ta kawo soyayyen naman layya. Wanda ya yi watanni bai ga maiƙo ba, me kake zato? Suka faɗa wa nama hannu baka hannu ƙwarya. Kafin la'asar fili ya cika da masu birgima riƙe da ciki, amai ta sama, zawo ta ƙasa. Wani tsoho ɗan Mayahi da suka yi tafiya tare bai tashi ba. Wata tsohuwa mai sayar da fura ce ta ja Zara'u gefe ta ƙwace naman daga hannunta, ta ce cikin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi da kitse, da kunu mai ruwa-ruwa ake lallaɓa shi, kaɗan-kaɗan. Zara'u ta sha kunu ta rayu, ta kuma adana maganar.

Daga nan ta wuce Funtuwa, ta samu aiki wurin wani mai tsire, Tanko. Ita ke matse man gujiya, ta yi ƙuli-ƙuli, ta daka mashi yaji, da yamma ta kafa tanda kusa da tukubarshi tana toya masa. Tanko bai taɓa koya mata gashi ba, a ganinshi ina mace ina tukuba? Ita kuwa idonta na kan hannunshi. Ta ga yadda yake kwantar da wuƙa ya buɗe tsoka ta zama shimfiɗa, ta ga lokacin da yake ja da nama baya daga wuta, ta ga abin da yake ƙarawa cikin yaji in ya zaci ba a kallo. Da ciwon baya ya kama shi, a ɓoye ita ke yanka da tsirewa a cikin gida, shi ya fito waje ya karɓi yabo. Tana ba ni wannan labari tana dariya, ta ce masu ciniki har cewa suke hannun Tanko ya ƙara daɗi da tsufa.

Shekara goma da wani abu ta yi can. Ba ta sake aure ba, ko da yake an nema. Da ta ji fari ya sake faɗa wa ƙasarmu, sai ta haɗa kaya. Iyaka a rufe take lokacin, ta biyo ta daji da jakuna ɗauke da masara da garin rogo da mai, ta sauka kangon ubanta ta gyara. Abin da ta tarar, shanun ubana sun mutu ƙurmus, uwata ta rasu da damina, yayyena sun watse neman abin kai wa baki. Gidan nan mai rumbuna ya koma daga ni sai shi, ina 'yar ƙarama, ko haƙori ban fara famfara ba. Mata suka riƙa zuwa suna yi mata albishir, wai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ga Allah ya rama mata.

Ta ce, "Wace ramuwa? Fari ya kama Liman, ya kama makaho, ya kama jariri. Abin da ya samu kowa ba ramuwa ba ne. Ni wadda ta fito daga hannuna nake so."

Ta sayi wani rago a hannun makiyayi, ƙashi da fata, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ta ɗaure shi a turke tana ba shi dusa da harawa da ɓarɓashin ƙuli, a lokacin da mutane da kansu dusa suke nema. An zage ta, ba kaɗan ba. Amma da yake duk wadda ta shigo da kuka ba ta fita sai da 'yar tiyar garin rogo, sai zagin ya tsaya bayan danga. Gidanmu kaɗai ne ko ƙwaya ba ta aika ba, ubana kuwa girman kai da kunya suka hana shi zuwa. Da bazara ta kama, rago ya yi ɓul-ɓul har yana nishi, ta je wurin Liman ta ce za ta yi wa Habsatu sadaka, a gaya wa unguwa.

Liman ya yanka, mahauci ya feɗe, ta sallame shi ta ce sauran aikin nata ne. Mahaucin ya fita yana dariya, wai yau za a ga mace ta ɓata rago. A wurinmu an saba a gicciye rago sukutum kan itace a kewaye wuta da shi, ya wuni yana shan hayaƙi. Ita irin gashin kudu ta yi. Tun da hantsi ta haƙa rami a tsakar gida ta cika shi da itacen ƙirya, ta bar shi ya ci ya koma garwashi, don ta ce harshen wuta maƙiyin nama ne. Ta zauna da cinyoyin ta yanka su siriri, ta tsire a tsinke, ta birkiɗa su cikin garin ƙuli da ta daka da citta da masoro da kanumfari da barkono da gishiri, ta yayyafa man gujiya, ta kafa tsinkayen kewaye da ramin. Haƙarƙari da ƙirji ta shimfiɗa su kan waya can gefe inda zafi bai da yawa, tana juyawa tana shafa mai, har kitsen ya fara ɗiga yana cuwwa a garwashi. Hanta da ƙoda ta naɗe su cikin kitsen nan mai kama da mayafi da ke rufe tumbi. Mata biyu na toya mata masa, wata na kwaɗa zogale da ƙuli, ita kuma ta yayyanka albasa da tamati da shu, wato kabeji, da ta sayo daga garkunan noman rani. A can lungu, babbar tukunya ta kunun tsamiya na ta tafasa.

Ƙamshin nan, jama'a! Har gidanmu ya iso, ina kwance kan tabarma na ji shi, na fara kuka ban san abin da nake wa kuka ba.

Da mutane suka taru ƙofar gida bayan azahar, aka yi addu'a, Zara'u ta leƙo ta kafa doka da muryar nan tata. Ba wanda zai taɓa nama sai ya sha kunu ya zauna ya huta. Bayan kunu masa da kwaɗo. Sai can a ba kowa tsinke guda na jan nama, babu kitse, sauran a ajiye a ci gobe da jibi. Wasu suka fara gunaguni, wai rowa ce, ta ce duk wanda ya fi ta sani ya tashi ya je gidan uwarshi ya ci. Liman ya goyi bayanta, aka bi doka.

Ubana kuwa, Liman ta aika musamman ya kira shi, ta ce ai shi ne uban marigayiya tunda wan ubanta ne, sadaka ba ta cika in ba shi. Ya zo cikin babbar rigarshi da ta yi mashi yawa, yana tafiya yana hutawa. Kun san babba ba ya cin abinci cikin taro, keɓe shi ake yi a zaure, a kai mashi nashi a rufe, kuma mafi kyawun nama shi ne rabonshi. Zara'u ta bi al'ada ba ta bar komai ba. Ta shimfiɗa mashi sabuwar tabarma. Ta ɗauko babban faranti ta jera ƙirjin rago mai kitse, da hantar nan naɗaɗɗiya, da ƙoda, da tsire mafi maiƙo, ta barbaɗe da yaji har ya yi ja, ta yi ado da albasa a gefe. Ba kunu, ba masa, ko ruwan sha ba ta haɗa ba. Ta rufe da faifai ta kai da kanta, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga rabonka." Kowa ya ce kai, Zara'u ta yi halin girma, ta yafe.

Da na girma na tambaye ta ƙiri-ƙiri, "Inna, kashe shi kika so yi?" Ta ce, "Ni nama na ba shi. In ya mutu, ajali. In ya rayu, ya yi zawo cikin babbar riga gaban duk Kona. Ko wanne ya zo, ina so."

Ta koma bayan danga ta sa ido a wata kafa tana kallo. Ubana ya ɗaga faifai. Ta ce ya daɗe yana kallon naman yana haɗiyar miyau. Ya ɗauki yanki ɗaya ya kai har bakinshi. Zuciyarta na cewa ci, ci, ɗan banza, ci. Sai ya mayar da shi cikin faranti. Ya lashe yatsunshi ɗaya bayan ɗaya. Ya waiga ko ana ganinshi, ya kwance rawaninshi, ya juye naman duka a ciki ya ƙulle, ya cusa ƙarƙashin riga, ya sulale ta gefen zaure ya nufi gida.

Zara'u ta san wa ya rage a gidan nan. Ta san wata nawa na yi ina cin anza da tafasasshen ganye, kuma ta ga abin da nama ya yi wa ƙattan maza a Katsina, balle ni da wuyana bai fi kara ba. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ta tsaya bayan dangar nan, ta daɗe a tsaye. "Na ce a raina, ɗiya da ɗiya, an yi daidai, kuma da hannunshi zai ba ta. Wallahi Auta, sai da na ji daɗin tunanin. Ban san lokacin da na ɗauki ƙwaryar kunu ba. Ƙafata ce ta tafi, ni ban aike ta ba."

Abin da ni nake tunawa shi ne hanta a bakina, mai ɗumi, kitse na bin haɓata, ubana tsugune yana yayyaga mini wani yankin yana cewa ci, Autata, ci. Sai wata ƙatuwar mace ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta, ta kwaɗa mini mari har hantar ta yi tsalle, ta danne ni ta zura mini yatsa a maƙogwaro. Na yi amai, na gantsara mata cizo, tabon na nan a yatsanta har ta mutu. Gaisuwarmu ta farko ke nan da Inna.

Ubana ya yunƙura zai tashi, yana cewa, "Ke Zara'u, haukan ne ya dawo? Abincin ma sai kin ƙwace daga bakin marainiya?"

Ta ce, "Zauna, Salifu. Naman nan in ya shiga cikin da ya daɗe da yunwa, tsinka hanji yake yi. Na gani da idona. Don haka na ba kowa kunu, kai na hana ka. Kai na gasa wa, ba ita ba."

Ya koma ya zauna. Ya dubi naman, ya dube ni, ya dube ta, bakinshi a buɗe. Ita kuwa ta ɗora ni kan cinyarta tana ɗura mini kunu da ludayi, kurɓi guda ta dakata, kurɓi guda ta dakata, ina kuka ina miƙa hannu wurin hanta tana buge hannun. Da na lafa, ta kwance gyalenta ta goya ni, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka cinye mini ɗiya, na ɗauki wagga. In kana da bakin hanawa, taso mu je gaban Liman da mutanen unguwa, ga su can a tare, in faɗa masu abin da ke cikin rumbun tsimi, kai kuma ka faɗa masu abin da za ka ba ta ta ci gobe."

Bai tashi ba. Ta bar mashi naman a rawani ta ce nashi ne, ba ta ƙwace kyauta.

Tun daga ranar ban sake kwana gidan ubana ba. Inna ta yi jinyata da kunu har na yi ƙwari, ta sa ni lakwal, makarantar boko, ta koya mini yanka da tsirewa, ita ta yi mini aure. Duk suna ko biki a Kona har Tasawa, in ana son gashin kudu ita ake kira, mahautan da suka yi mata dariya suka koma leƙen yajinta. Ubana ya rayu, ya ga damina mai kyau, ya sake cika rumbu. Yakan aiko da dami da kaka, wai na Auta ne, ta mayar da shi a kan jakin da ya kawo shi. In mun haɗu a hanya in durƙusa in gaishe shi kamar yadda ake gaida kowane dattijo, ya bi ni da ido har in sha kwana. Ina jin haushinshi har yau saboda Habsatu da ban taɓa gani ba. Kuma ina sane cewa mutumin nan da yunwa ke kayar da shi ya kai nama bakinshi ya mayar saboda ni. Na rasa yadda zan haɗa biyun, na gaji na bari.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya aika aka kira ni. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Auta, je ki roƙar mini Zara'u gafara. Ke ba za ta hana ki ba."

Na tarar da ita tana daka yaji, ta tsufa, taɓarya na yi mata nauyi. Na durƙusa na faɗa mata, har da hawayena, na ce Inna don Allah. Ba ta ajiye taɓaryar ba.

Ta ce, "Ni bai hana ni komai ba, ni na rayu. Ki ce mashi ba a hannuna gafarar take ba. Ya roƙi Habsatu, ai can zai tarar da ita."

Na koma. Yana ganina ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Me ta ce?" Na so in yi mashi ƙarya, Allah ya sani na so. Amma Zara'u ce ta rene ni. Na faɗa mashi yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya juya fuskarshi wajen bango, ni kuma na zauna riƙe da hannunshi har ya cika.